Yaron da Na Hana Kiɗa a Kan Tebur

Shekaru da dama da suka wuce, lokacin da nake riƙe da ajin CM2 a wata lakkwal a nan Matamaye, akwai wani yaro da ke zama a layin baya kusa da taga. Ba shi da rashin kunya, ba ya faɗa da kowa, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Da zarar na juya ina rubutu a allo sai in ji ana ɗan kiɗa a kan tebur, a hankali, kamar yayyafi a kan kwano. Na yi masa faɗa, na sa shi durƙuso, na sauya masa wurin zama, duk a banza. Wata rana na dawo daga ofishin darakta na tarar da ajin gaba ɗaya yana rera lissafin sau na bakwai da wani kari mai daɗi da ban taɓa ji ba, shi yana bayarwa, sauran suna amshi. Abin da na yi mako biyu ina fama da su a kansa, ga shi sun haddace shi a cikin ɗan hutun safe. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na daka musu tsawa, na ce nan aji ne, ba dandali ba.

Ba a yi wata guda ba sai ga mahaifinsa. Manomin rake ne, dattijo mai kamala. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, na ji an ce yaron nan ya zama makaɗin aji. Mu ba mu gaji kiɗa ba, ba mu gaji roƙo ba. Karatu na kawo shi ya yi. Don Allah ka taya ni tsare shi." Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, in Allah Ya so ba zai ƙara ba." Na kuwa cika alkawari. Har ya bar hannuna ban sake jin ƙarar tebur ba.

Ya shiga CEG, bai kai ga jarrabawar BEPC ba ya bari. Daga baya na ji ya bi hanyar da samarinmu suka saba bi, ta Ɗan Barto, ya tsallaka Daura, ya wuce Kano. Shekaru suka shuɗe. Ran nan na kai wayata caji a wani shago kusa da tasha sai na ji wata waƙa tana tashi, muryar kuma ta tsaya mini a rai. Na tambayi mai shagon wane ne mawaƙin, ya faɗi wani suna da ban sani ba. Da sallah ta zo, sai ga tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni, ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Na yi masa maganar waƙar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, ni na rubuta ta, ni na rera. An ba ni kuɗin mota da ɗan abin da na sayi waya, na sa hannu a wata takarda da Turancin Ingilishi. Daga baya na ji ta da sunan wani." Na ce, "Ka karanta takardar kuwa?" Ya ce, "Mushe, ai ko da Faransanci aka rubuta ta, ban san abin da zan duba a ciki ba."

Wannan amsa ta daɗe tana damuna. Na koya masa sunayen kogunan Afirka da manyan biranen Turai, amma ban koya masa ko kalma ɗaya da za ta kare abin da Allah Ya ba shi ba. Na hana shi kiɗa, hanin bai hana shi zama mawaƙi ba, sai dai ya sa ya shiga sana'ar ido rufe. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abin da ya sake tayar mini da wannan tunani shi ne rufe iyaka. Mu mutanen Matamaye da Kance mun ɗanɗana shi sau biyu a ƴan shekarun nan: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan Yulin 2023, lokacin da har wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya aka katse. A wancan lokaci ina koyar da darasin taswira, ina bayanin mene ne tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, sai wata yarinya ta ce, "Mushe, ashe mu ma tsibiri ne, tunda babu hanyar fita." Aka yi dariya, amma ni na ga gaskiyarta. Ƙasar da ba ta da teku da ƙasar da teku ya kewaye ciwonsu kusan ɗaya ne: kasuwar gida ƙarama, kaya na shigowa da tsada, fitar da su na da wuya, matasa kuma idonsu na waje. Daga nan na fara karanta yadda wasu ƙananan tsibirai suka yi da kiɗa da waƙarsu, domin waƙa na cikin ƴan kayan da ba sa jiran jirgin ruwa ko babbar mota kafin su tsallaka iyaka.

Na farko shi ne Kabo Berde, wadda littattafanmu na Faransanci ke kira Cap-Vert. Tsibirai goma ne a cikin tekun Atlantika, yamma da Senegal, mutanensu sun ɗan haura rabin miliyan, ruwan sama na yi musu gardama kamar yadda yake yi mana, kuma sai a 1975 suka samu ƴancin kai daga Fotugal. A can aka haifi Cesária Évora a 1941, a garin Mindelo. Ta yi shekaru tana waƙa a ƙananan wuraren shaƙatawa na bakin tashar jiragen ruwa ana ba ta abin da ya sawwaƙa, har ta gaji ta ajiye waƙar kusan shekara goma. Muryar tana nan tun farko, abin da ta rasa shi ne mai tsara mata aiki. Sai da wani ɗan asalin ƙasar da ke zaune a Faransa, José da Silva, ya kafa kamfanin Lusafrica ya fitar mata da faifai a 1988, tana da shekara 47, sannan duniya ta fara jin ta. Faifanta na 1992 ya kai ta manyan dandamalin Turai, ta ci kyautar Grammy a 2004, ta rasu a 2011. Duk da yarensu na gida ta yi wannan suna. Abin lura shi ne yadda ƙasar ta ɗora a kan sunan: filin jirgin saman tsibirinsu yana ɗauke da sunanta, an naɗa mawaƙi Mário Lúcio Sousa ministan al'adu a 2011, tun 2013 ake cin wata kasuwar mawaƙa da dillalan waƙa ta duniya a Praia, babban birninsu, sannan a 2019 UNESCO ta sa salon waƙarsu da ake kira morna cikin kayan gadon bil'adama. Baƙon da ya zo sauraren waƙa zai kama masauki, ya hau tasi, ya ci abinci, ya sayi tsaraba. Ta haka murya ɗaya ke ciyar da gidajen da ba su taɓa riƙe kayan kiɗa ba.

Na biyu shi ne Jamaika, tsibirin da mutanensa ba su kai miliyan uku ba, amma babu lungun duniya da ba a san Bob Marley da kiɗan rege ba. Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne cewa tushen wannan kiɗa yana da alaƙa da wata makaranta. A birnin Kingston akwai makarantar Alpha, wadda a wancan zamani mata masu hidimar coci ke tafiyarwa domin marayu da yaran da suka gagari gida. Ana koya musu karatu da sana'o'in hannu, ana kuma koya musu busa da karanta rubutun kiɗa. Daga nan ne mabusa irin su Don Drummond da Tommy McCook suka fito, waɗanda suka kafa ƙungiyar Skatalites a farkon shekarun 1960, kiɗan da daga baya ya haifi rege. Yaran da aka ɗauka ba za su yi amfani ba su ne suka zama harsashin sana'ar da ta ɗaga sunan ƙasarsu, saboda an samu malaman da suka zaunar da su suka koya musu abin da tsari.

Sai dai labarin Jamaika yana da ɗaci, kuma ɗacin ne ya yi kama da labarin ɗalibina. Da yawa daga cikin mawaƙan farko ana biyan su sau ɗaya ne a bakin sutudiyo, waƙar kuma ta zama ta mai sutudiyo har abada. Kamfanin Island Records, wanda ya fitar da Marley ga duniya a 1973, a Jamaika aka kafa shi amma tun 1962 ya koma Landan. Ƙasar ba ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka ba sai a 1993, bayan an riga an kwashe abin da aka kwashe. Akwai tsofaffin mawaƙa da duniya ke rawa da waƙarsu suka mutu hannu babu komai. Don haka darasin tsibirai biyu ne a haɗe. Ƙaramar ƙasa na iya sayar wa duniya waƙarta, amma idan horo da ɗaukar sauti da takardun mallaka duk suna hannun wasu, suna kawai za ta samu.

To mu fa? Ba mu rasa gado ba. Ƙasar Damagaram ce ta ji Ma'azu Ɗan Alalo yana wa fada waƙa shekara da shekaru. Daga Tesker, a cikin jiharmu ta Damagaram, Malam Mamman Barka ya fito, kuma ina so ƴan'uwana malamai su riƙe wannan: malamin makaranta ne kamarmu kafin ya shahara da gurumi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na mutanen Buduma da ya kusa ɓacewa, ya zagaya da shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Iyayenmu suna tuna zamanin samariya da gasar matasa ta ƙasa a lokacin Seyni Kunce, inda kowane yanki ke fito da mawaƙansa da ƴan wasansa. Akwai gasar Ɗan Gurmu ta waƙar zamani, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, akwai kuma hukumar BNDA da aka ɗora wa kare haƙƙin masu fasaha da karɓo musu kuɗinsu tun shekarun 1990. Amma tsakanin Yamai da Matamaye tafiyar yini ce cur a mota, kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa faɗa wa ɗalibi ko ɗaya cewa akwai irin wannan hukuma ba. Laifin nan nawa ne.

Ta wani ɓangaren ma mun fi tsibiran sa'a. Cesária ta yi waƙa da yaren da mutane ƙalilan ke ji a duniya, mu kuwa harshenmu miliyoyin mutane ke magana da shi, daga Agadas zuwa Zariya, daga zangunan Kumasi da Akara zuwa Sudan. Kasuwar na nan a bakin ƙofarmu. Shi ya sa Fati Nijar ta tashi daga Maraɗi ta yi suna a Kano. Shi ya sa Mdou Moctar, ɗan Abzinawan jihar Tawa, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Waƙoƙinsa suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara, har wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya ji su, ya neme shi, yau ga shi yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Tsallaka iyaka neman kasuwa ba aibu ba ne, kakanninmu fatake ma haka suka yi. Abin tambaya shi ne da wane guzuri yaro ke tsallakawa, kuma me ke dawowa gida.

Mahaifin ɗalibina zai fi kowa gane wannan, domin haka rakensa yake. Ana sare shi a fadamunmu, a loda a mota ɗanye, a tafi da shi. Wanda ya yi wahalar ban ruwa wata da watanni shi ne mai ƙaramin rabo, sai fa in ya iya matse shi ya dafa mazarƙwaila da kansa, ko ya san farashin kasuwar da za a kai shi. Ku dubi waƙa ɗaya da ta karɓu a garin nan ku lissafa masu ci da ita. Mai shagon da ke tura waƙoƙi a memori yana karɓar ƴan dalolinsa, mai kayan sauti yana karɓar jikkunansa a gidan biki, mai ɗora ta a YouTube ko TikTok yana tara masu kallo, kamfanin waya yana sayar da intanet. Wanda ya yi waƙar kuwa yana jiran liƙi a ranar biki, ko kyautar wani mai kuɗi, ko lokacin zaɓe. Duk wanda abincinsa ya rataya ga kyauta dole ya yi yabo, ko ya yarda da wanda yake yabo ko bai yarda ba.

A nan ne na ga dattijon yana da gaskiya, kuma ban zo in ce iyaye su daina tsoro ba. Abin da yake gudu shi ne ɗansa ya zama mai miƙa hannu, mai kwana a tasha, mai bin abokan da za su koya masa shaye-shaye. Waɗannan abubuwa suna faruwa, mun gani da idonmu. Akwai kuma iyayen da damuwarsu ta addini ce, wannan magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kowane gida kuma yana da malamin da yake bi. Abin da zan iya cewa shi ne waƙa ta daɗe tana aikin koyarwa a ƙasar Hausa. Nana Asma'u da waƙa ta karantar da mata a ƙarni na 19, Aliyu Namangi da waƙa ya yi wa'azi, yaranmu na Islamiyya har gobe da waƙa suke haddace darussa. Kuskurenmu ni da dattijon shi ne mun ɗauka in muka toshe ƙofar, yaron zai manta da hanyar. Ashe ta taga zai fita, ba sallama, ba rakiya.

Da zan koma wancan aji, ga abin da zan yi, kuma shi nake roƙon ƴan'uwana malamai su gwada. Zan bar shi ya ja ajin a lissafin sau, in nuna masa cewa baiwarsa tana da wuri a makaranta, da sharaɗin ya riƙe sauran darussa. Zan sa shi ya riƙa rubuta waƙoƙinsa a littafi na musamman, da sunansa da kwanan wata, da ingantaccen rubutun Hausa, domin wanda ya saba rubuta abinsa ya fara sanin cewa nasa ne. A darasin lissafi zan ba su misali da abin da suka sani: in an sayar da waƙa sau ɗaya a kan jika ashirin, ko kuma a riƙa karɓar kaso duk lokacin da aka yi amfani da ita har shekara goma, wanne ya fi? A darasin Faransanci zan kawo musu samfurin takardar yarjejeniya mu karanta tare, su san inda ake duba wa ya mallaki abin, na tsawon wane lokaci, nawa za a biya kuma yaushe. Wannan ilimi zai amfani mai waƙa, zai amfani tela da makanike da mai sayar da rake. Ba ya buƙatar sabon gini ko kuɗi daga Yamai.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara za su iya ware rana ɗaya a shekara a gayyato wani tsohon makaɗi na yankin, mai kalangu ko gurumi ko algaita, ya zauna da yara ya nuna musu yadda ake haɗa abin kiɗan da tarihinsa, a kuma biya shi ladan koyarwa a gaban yaran, su ga cewa ilimi ne ake saye. A ɗauki muryar tsofaffin nan a waya a ajiye, tun kafin su tafi da abin da ke kansu, kamar yadda biram ya kusa tafiya. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin sunan wanda ya rubuta waƙa da wanda ya rera ta. Mu kuma da ke ɗaurin aure da suna, in mun kira mawaƙi mu yi ciniki da shi tun farko kamar yadda muke yi da mai rumfa da mai kujeru, kada mu bar shi ga abin da aka liƙa. Ranar da mawaƙi ya san ladansa kafin ya buɗe baki, ranar ya fita daga sahun maroƙa. Sannan a tuna cewa sana'ar ba ta tsaya ga mai murya ba: akwai mai haɗa sauti a kwamfuta, mai ɗaukar hoto, mai gyaran lasifika, mai riƙe lissafi, mai shirya taro. Ɗaki ɗaya mai farantin hasken rana da kwamfuta da makirfo mai kyau ya isa yaro ya ɗauki waƙarsa a gida, ya shiga Kano da ita a aljihu a matsayin mai kaya, ya yi ciniki da ƙarfinsa.

Kafin ɗalibina ya koma, na roƙe shi abu ɗaya, ya raka ni wurin mahaifinsa. Muka same shi a gindin bishiya yana gyaran igiya. Na ce, "Baba, alkawarin da na yi maka shekarun baya na cika shi, amma ina ganin ni da kai mun yi kuskure. Yaron nan ya riga ya zaɓi hanyarsa, gara mu san inda yake kwana da wanda yake aiki da shi." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya dubi ɗansa ya ce, "In za ka yi, ka yi ta yadda ba za ka miƙa wa kowa hannu ba. Kuma kada ka ƙara sa hannu a takarda sai Mushe ya gani." Tun daga lokacin sau biyu ya turo mini hoton takarda ta WhatsApp, ni kuma na kai wa wani abokin aikina mai koyar da Ingilishi muka karanta tare. Ɗaya mun ce ya sa hannu, ɗaya mun ce ya mayar a gyara wuri biyu, aka kuwa gyara.

Bana ma ina da mai kiɗan tebur a ajina, wannan karon a layin gaba yake zama. Na saya masa littafi mai shafi ɗari na rubuta sunansa a bango, na kuma aika wa mahaifinsa cewa ina son ganinsa ranar da ya samu sarari, tun kafin wani ya riga ni kai masa labari. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa abin da Ya ba su ya amfane su.